Billy Mitchell: Wace Lamba Aka Ba Shi, Kuma Don Me?

A ranar 8 ga Agusta 1946 Shugaban Amurka Harry Truman ya sa hannu a kan wata ƙaramar doka da ba ta shafi kowa ba sai mutum ɗaya, shi ma ya shekara goma da rasuwa. Dokar ta ce a ƙera lambar zinariya da sunan William Mitchell, wanda aka fi sani da Billy Mitchell, don yaba hidimarsa ta share fage da hangen nesansa a harkar jiragen saman soja. Wannan Mitchell ɗin shi ne kotun soja ta kama da laifin rashin ɗa'a a 1925, ta dakatar da shi daga aiki, har ya tuɓe kaki ransa a ɓace. Tun daga lokacin mutane ke rikita wannan lamba da wata dabam, suna cewa an ba shi Medal of Honor, lambar jarumta mafi daraja a Amurka. Ba ita aka ba shi ba. Amma rikicewar tana da dalili, kuma ba za a gane dalilin ba sai an bi lambobin nasa ɗaya bayan ɗaya, domin kowace da abin da take yabawa, akwai kuma abin da dukkansu suka yi shiru a kai.

Sai an fara sanin matsayin jirgin sama a wurin soja a wancan zamani. 'Yan'uwan nan biyu, Wilbur da Orville Wright, sun tashi da jirginsu a Disamba 1903. A ranar 1 ga Agusta 1907 rundunar sojin ƙasa ta buɗe wani ɗan ofishi na harkar tashi sama mai mutum uku kacal, ta ajiye shi a ƙarƙashin sashen sadarwa, wato masu kula da wayar tangaraho da tutocin ishara. Daga nan ma ka san yadda manya suka ɗauki abin: na leƙen abokan gaba ne da kai saƙo, babu mai kallonsa a matsayin makami. A Satumba 1908 Laftana Thomas Selfridge ya rasu a Fort Myer da jirgin da Orville ke gwadawa ya faɗo da su, ya zama mutum na farko da ya mutu a haɗarin jirgin sama mai fukafukai da inji. A 1909 rundunar ta sayi jirginta na farko a kan dala 30,000. Wanda aka danƙa wa shi, Laftana Benjamin Foulois, a Texas ya ƙarasa koyon tuƙi shi kaɗai. Ya faɗo ya gyara, ya rubuta wa 'yan Wright wasiƙa su ba shi amsa, ya sake tashi.

Mitchell ba ya cikin waɗannan na farkon farko. An haife shi a birnin Nice na Faransa a ƙarshen 1879, ɗan gidan masu hali daga jihar Wisconsin, kakansa attajiri, mahaifinsa sanata. Ya shiga soja yana kurtu a 1898 lokacin yaƙin Amurka da Sifaniya, ba a jima ba ya zama hafsa a sashen sadarwa. Ya yi Kyuba, ya yi Filifin, ya je Alaska ya ja layin tangaraho cikin dusar ƙanƙara, a ƙarƙashin shugaban sashen, Janar Adolphus Greely, wanda za mu sake cin karo da sunansa a gaba. A 1913 ma da majalisar dokoki ta nemi jin ra'ayinsa, cewa ya yi a bar jiragen a hannun sashen sadarwa, lokacin ware su bai yi ba. Sai a 1916, yana da shekara 36, ya koyi tuƙi a wata makaranta da ke Newport News, da kuɗin aljihunsa, a ranakun hutunsa.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya mai da shi wani mutum dabam. Yana Turai a matsayin ɗan kallo Amurka ta shiga yaƙin a Afrilu 1917. Bai jira umarni ba, ya nufi bakin daga wurin Faransawa, ya shiga jirgi da matuƙinsu ya ratsa ta saman ramukan Jamusawa. Ya kuma je ya zauna da Hugh Trenchard, shugaban jiragen Ingila a Faransa, mutumin da ya yi imani cewa jirgi na kai hari ne, a tara su da yawa a hannun shugaba ɗaya, kada a rarraba su ɗai-ɗai ga kowane kwamandan ƙasa. Wannan darasi ya zauna wa Mitchell har ƙarshen rayuwarsa. A Satumba 1918, a farmakin Saint-Mihiel, aka haɗa masa jirage kusan 1,500 na Amurka da Faransa da Ingila da Italiya, adadin da ba a taɓa tarawa a farmaki ɗaya ba a yaƙin. Kafin a ajiye makamai a Nuwamba ya ɗaura tauraron Birgediya Janar.

Daga wannan yaƙi ya dawo da lambobinsa na farko, kuma su babu gardama a kansu. Manyan biyu na ƙasarsa, sunayensu sun yi kama amma aikinsu ya bambanta. An kafa su duka a 1918. Distinguished Service Cross ta jarumta ce a fagen fama, ita ke bin Medal of Honor a daraja, ba a ba mutum ita sai ya sa ransa a haɗari a gaban abokan gaba. Takardar da ta raka tasa ta ambaci Noyon a Maris 1918, da yankin kogin Marne a Yuli, da Saint-Mihiel a Satumba, ta ce yana tuƙa jirginsa da kansa ya ƙetare layin daga ya gano inda Jamusawa suke, alhali muƙaminsa bai wajabta masa haka ba. Zai iya zama a ofis ya jira rahoto, ya ƙi. Ita kuwa Distinguished Service Medal ba ruwanta da harsashi. Ta wanda aka ɗora wa babban nauyi ce ya sauke shi yadda ya kamata, shi ya sa galibi a ƙirjin manyan hafsoshi ake ganinta. Sai na ƙawayen Amurka: Faransa ta ba shi Croix de Guerre da Légion d'honneur, Ingila ta ba shi lambar girmamawa da ake kira CMG, Italiya ma ta ba shi nata. Waɗannan ba a raina su, amma a tuna cewa ƙasashen ƙawance kan yi musayar irinsu a tsakanin manyan hafsoshi a matsayin girmamawa. In ana neman shaidar cewa mutumin ba matsoraci ba ne, ta farkon nan ita ce shaida.

Da a nan ya tsaya, da labarinsa ya zama irin na sauran janarori masu ƙirji cike da ƙarfe. Sai ya dawo gida da magana ɗaya a bakinsa: a cire jiragen sama daga hannun sojin ƙasa da na ruwa, a yi musu rundunarsu mai cin gashin kanta, kamar yadda Ingila ta kafa tata a Afrilu 1918. Aka naɗa shi mataimakin shugaban sashen jiragen, aka ɗora masa Janar Charles Menoher, wanda ɗan igwa ne, ba matuƙi ba. Kuɗin tsaro ya ragu bayan yaƙi, kowane ɓangare na kare rabonsa. A wannan hali Mitchell ya fito ya ce jirgin sama zai iya nutsar da babban jirgin ruwan yaƙi, wanda a lokacin shi ne abin taƙamar kowace ƙasa mai ƙarfi, kuma da kuɗin guda ɗaya za a sayi jiragen sama bila adadin. Ka ga ke nan ya taɓa sojin ruwa a inda ya fi musu ciwo.

Aka shirya gwaji a tekun da ke gaban Virginia a bazarar 1921, da jiragen ruwan Jamus da aka ƙwace bayan yaƙi. Babban cikinsu shi ne Ostfriesland, jirgin da ya halarci yaƙin Jutland a 1916, ya taka nakiya a hanyar komawa gida kuma ya tsira. Sojin ruwa ne suka kafa sharuɗɗa. Suna so a riƙa jefa bam a tsaya, masu bincike su hau jirgin su duba ɓarnar, sannan a ci gaba, domin su ilimin ƙira suke nema. Shi kuwa Mitchell so yake duniya ta ga jirgin ya nutse. A ranar 21 ga Yuli jiragensa suka taso daga filin Langley ɗauke da bama-bamai masu nauyin kusan kilo 900 kowanne. Ya umarci mutanensa su saki bam ɗin a cikin ruwa dab da gefen jirgin, saboda ya san ƙarfin fashewa a ƙarƙashin ruwa shi ke tsaga ƙarfen ciki. Cikin minti ashirin da 'yan kai Ostfriesland ya kife, ya shige teku a gaban manyan hafsoshi da 'yan majalisa da 'yan jarida. Sojin ruwa suka ce an karya sharaɗi, suka ƙara da cewa jirgin a tsaye yake cak, ba mai harbi daga cikinsa, ba mai toshe ɓaraka. Wannan ƙorafi nasu gaskiya ne. Amma abin da jama'a suka gani a hoto ya fi ƙarfin bayani. Kwamitin haɗin gwiwa na rundunonin biyu ya fitar da rahoto cewa babban jirgin ruwa shi ne dai ƙashin bayan tsaron teku. Menoher ya gaji da rigimar mataimakinsa ya sauka, aka kawo Janar Mason Patrick.

A 1924, bayan ya zagaya yankin tekun Pasifik, Mitchell ya rubuta dogon rahoto cewa wata rana Japan za ta auka wa Amurka, kuma da jiragen sama za ta fara, da sassafe, a kan Pearl Harbor da ke Hawaii, sannan Filifin. Aka jefa rahoton a durowa. A Maris 1925 wa'adinsa na mataimaki ya ƙare, aka ƙi sabuntawa, ya koma Kanar, aka tura shi San Antonio a Texas, nesa da majalisa da 'yan jarida.

Watan Satumba na shekarar ya zo da masifu biyu a jere. Wani jirgin sama na sojin ruwa da ya tashi daga California zuwa Hawaii ya ɓace a teku, sai bayan kwanaki aka tsinci mutanensa da rai. Sannan a ranar 3 ga wata guguwa ta yayyaga Shenandoah a sararin Ohio, wani ƙaton jirgi irin wanda ake cika wa iskar gas, mutum 14 suka mutu, har da kwamandansa Zachary Lansdowne, abokin Mitchell. An tura jirgin ne ya yi shawagi a kan garuruwan da ake bukukuwan baje koli don jama'a su gani, duk da Lansdowne ya nuna damuwa a kan yanayin wannan lokaci na shekara. Bayan kwana biyu Mitchell ya tara 'yan jarida ya miƙa musu takarda. A ciki ya ce waɗannan haɗurra sun faru ne saboda rashin iya aiki, da sakaci irin na masu laifi, da tafiyar da tsaron ƙasa ta hanyar da ta yi kusa da cin amana, daga ma'aikatar yaƙi da ta sojin ruwa. Hafsa ne mai kaki a jiki ya faɗi haka game da shugabanninsa a bainar jama'a. Ya san abin da zai biyo baya. An ce baki shi ke yanka wuya, to shi da idonsa a buɗe ya miƙa wuyan, don yana ganin kotu za ta zame masa dandalin da aka hana shi.

Shari'ar ta fara a Washington ranar 28 ga Oktoba 1925, bisa umarnin Shugaba Calvin Coolidge, a ƙarƙashin sashe na 96 na dokokin soja, sashen nan mai faɗi da ke hukunta duk halin da zai ɓata tsari da ɗa'a ko ya zubar da mutuncin aikin soja. Alƙalan galibinsu janarori ne, babu matuƙin jirgi ko ɗaya a cikinsu. Ɗayansu Douglas MacArthur ne, wanda daga baya ya ce shi ya zaɓi a wanke Mitchell. A daidai wannan mako, ranar 1 ga Nuwamba 1925, jirage uku na rundunar sojin saman Ingila da suka taso daga Masar ƙarƙashin Arthur Coningham suka sauka a Kano. Wato irin rundunar da ake tuhumar Mitchell a kan zafin nemanta, ta Ingila har ta kai ga ratsa Afirka ta sauka a ƙasar Hausa.

Lauyansa, ɗan majalisa Frank Reid, ya juya shari'ar ta koma kamar ma'aikatun ake tuhuma. Ya kira matasan hafsoshi irin su Henry Arnold da Carl Spaatz, suka zayyana tsofaffin jirage da ƙarancin kayan aiki, suna sane da cewa hakan na iya jawo musu. Arnold kam bai daɗe ba aka jefa shi wani barikin sojan doki a Kansas. Eddie Rickenbacker, gwarzon matuƙan Amurka a yaƙin, ya zo ya ba da shaida. Matar marigayi Lansdowne ta tsaya a gaban janarorin ta ce wani jami'in sojin ruwa ya nemi ya tsara mata abin da za ta faɗa a binciken mutuwar mijinta. Jama'a na tare da Mitchell. Sai dai tambayar da ke gaban kotu dabam ce. Ba a tara su don su tantance ko jiragen sun tsufa ba. An tara su ne su duba ko hafsa na da damar zagin shugabanninsa a jarida. A ranar 17 ga Disamba suka same shi da laifi a dukkan tuhume-tuhumen, suka dakatar da shi daga muƙami da aiki na shekara biyar ba albashi. Coolidge ya sassauta ya ce a riƙa ba shi rabi. Mitchell ya ƙi zaman wulaƙanci, ya ajiye aiki ranar 1 ga Fabrairu 1926. Ya shekara goma yana rubuce-rubuce da lacca, sauraronsa na raguwa, har ya rasu a New York ranar 19 ga Fabrairu 1936 yana da shekara 56. A Milwaukee aka binne shi.

Yabon da ya biyo baya yaƙi ne ya kawo shi. A 1941 aka sa wa filin jirgin Milwaukee sunansa. Aka raɗa wa sabon jirgin kai hari B-25 suna Mitchell, aka ƙera kusan 10,000. Ranar 7 ga Disamba 1941, da safe, jiragen Japan suka auka wa Pearl Harbor. Bayan kwana uku wasu jiragen Japan suka nutsar da Prince of Wales da Repulse, manyan jiragen ruwan yaƙi na Ingila, a gaban Malaya, su kuwa ba a tsaye suke ba, suna tafiya suna harbi, abin da aka ce ba zai yiwu ba. A Afrilu 1942 jirage 16 da James Doolittle ya jagoranta suka kai wa Japan harin ramuwa na farko, dukkansu masu ɗauke da sunan Mitchell. Yaran da suka tsaya masa a kotu su ne yanzu manya: Arnold ke shugabantar jiragen sojin ƙasa baki ɗaya, Spaatz kuma ya zama hafsan hafsoshi na farko da aka kafa rundunar sojin sama mai zaman kanta a Satumba 1947. Spaatz ɗin ne ya miƙa lambar zinariyar ga ɗan Mitchell a 1948.

To, wace lamba ce wannan? Sunanta Congressional Gold Medal, lambar zinariya ta majalisar dokoki. Ta girmi Medal of Honor nesa ba kusa ba, domin George Washington aka fara ba a 1776. Ba lambar soja ba ce. 'Yan Wright sun samu a 1909, Nelson Mandela ya samu a 1998. Duk wanda za a ba sai an yi masa doka ta musamman, a zana tasa dabam da ta kowa, sau da yawa da fuskarsa a jiki, ma'aikatar buga kuɗi ta ƙera ta. Ba a rataya ta a wuya, ba a manna ta a kaki, a akwati ake ajiye ta. Medal of Honor kuwa an kafa ta lokacin yaƙin basasar Amurka, a 1861 ga sojin ruwa, a 1862 ga na ƙasa. Tauraro ce mai tsini biyar da ake ratayawa a wuya da shuɗin ƙyalle, kuma asalinta ta sojan da ya sayar da ransa ne a fagen fama fiye da abin da aiki ya ɗora masa.

Abubuwa uku suka haɗu suka rikita mutane. Shugaban ƙasa kan miƙa Medal of Honor ne da sunan majalisa, don haka a bakin jama'a ita ma lambar majalisa ake ce mata, sunayen biyu suka zama kamar ɗaya. Sannan takardun da suka bi ta majalisa a kan batun Mitchell sun yi amfani da lafazin da ya yi daidai da sunan waccan lamba, har wani kundin masu Medal of Honor da kwamitin majalisar dattawa ya buga a shekarun 1970 ya saka sunansa a ciki. Daga nan littattafai suka yi ta kwafa. Na ukun shi ne ya fi sa kuskuren ya yi kama da gaskiya: a wancan zamani majalisa ta sha yin doka ta ba da ainihin Medal of Honor ga wanda bai yi faɗa ba. Ta ba Charles Lindbergh a 1927 saboda ya tuƙa jirgi shi kaɗai daga New York zuwa Paris ba tsayawa. Ta ba Janar Greely, tsohon maigidan Mitchell na Alaska, a 1935, yana da shekara 91, saboda hidimar tsawon rayuwa. Wanda ya san waɗannan, ba zai yi mamaki ba in aka ce masa an yi wa Mitchell haka. Amma abin da aka ƙera aka miƙa wa ɗansa faifan zinariya ne mai hotonsa, ba tauraron wuya ba.

Wani zai ce wannan ai ƙaramin bambanci ne, duk girmamawa ce. Ni ban ɗauke shi ƙarami ba. Hafsoshin jiragen saman sojin ƙasa huɗu ne kacal suka samu Medal of Honor a Yaƙin Duniya na Ɗaya, uku daga cikinsu ba su dawo gida ba. Frank Luke yana da shekara 21 aka kashe shi a ƙarshen Satumba 1918, bayan ya yi ta kakkaɓo balan-balan ɗin leƙen asirin Jamus, waɗanda bindigogi ke kewaye da su ta ko'ina. Harold Goettler da Erwin Bleckley sun mutu ranar 6 ga Oktoba a dajin Argonne, suna shawagi ƙasa-ƙasa don su jefa abinci da magani ga wata bataliyar Amurka da Jamusawa suka yi wa ƙawanya. Na huɗun, Rickenbacker, sai a 1930 aka ba shi tasa. Waɗannan samari da jininsu suka saya, haƙƙinsu ne kada a cakuɗa lambarsu da wata. Shi ma Mitchell an rage masa in aka ce ta jarumta aka ba shi, domin ta jarumta ya riga ya samu tun yana raye. Abin da aka hana shi yana raye shi ne a ce masa ka yi gaskiya, kuma kalmar hangen nesa da aka rubuta a dokar 1946 ita ce wannan amsa. Ta zo a makare, ihu bayan hari, kuma abin yana da ciwo a ce mutumin bai ji ta da kunnensa ba.

Hangen nesan ma yana da iyaka, adalci ne a faɗa. Ya raina jiragen ruwa masu dakon jiragen sama, alhali daga kan irinsu guda shida aka kai harin Pearl Harbor, kuma su suka yanke hukunci a yaƙin Pasifik. Sojin ruwan da yake zagi suna da nasu masu hangen, irin su Admiral William Moffett, waɗanda suka gina wannan fanni ba tare da hayaniya ba. Ya kuma zuzuta abin da jirgi kaɗai zai iya, kamar sojan ƙasa ya kusa zama tarihi, yaƙin da ya biyo baya bai nuna haka ba. Dokar 1926 da ta ɗaga darajar sashen jiragen a cikin sojin ƙasa, haƙurin Janar Patrick na da babban rabo a cikinta, ko da yake ƙurar da Mitchell ya tayar ce ta sa 'yan siyasa suka kasa kawar da kai.

Akwai abin da zinariyar ba ta taɓa ba, shi ne hukuncin kotu. A shekarun 1950 ɗansa ya nemi a soke shi. Kwamitin gyaran takardun aiki na rundunar sojin sama ya goyi baya, amma a 1958 sakataren rundunar, James Douglas, ya ƙi. Hujjarsa ita ce tarihi ya gaskata ra'ayoyin Mitchell, amma hakan bai halatta hanyar da ya bi yana cikin kaki ba. Rundunar da ke kiransa uba, wadda ta sa sunansa a babban zauren cin abinci na makarantar horar da hafsoshinta, ita ce ta ƙi wanke shi. A ganina Douglas bai kauce ba. Mai riƙe da makami ba ya zama alƙalin kansa don kawai ya tabbata yana da gaskiya, kuma mu a wannan yanki mun san inda irin wannan tunani ke kai soja, duk da Mitchell alƙalami ya ɗauka ba bindiga ba. Yana da damar ya ajiye aiki tukuna, sannan ya faɗi duk abin da ke ransa. Amma ban yarda a tsaya a nan ba. Waɗanda suka binne rahotanninsa, suka bar samari na tashi da ruɓaɓɓun jirage, babu wanda ya gurfanar da su, sun yi ritaya da muƙamansu da fanshonsu. Nasa laifin an rubuta shi a takarda, nasu ba a rubuta ba.

Saura batun muƙami, wanda shi ma ake yawan kuskurewa. A tsarin sojan Amurka na lokacin akwai muƙamin dindindin, akwai na wucin gadi da ke tafiya da kujerar da mutum ke kai. Tauraron Birgediya Janar na Mitchell na kujera ne, shi ya sa da aka ɗauke shi daga mataimaki a 1925 ya koma Kanar ba tare da an rage masa girma a hukumance ba, ko da yake kowa ya san horo ne. A Kanar aka yi masa shari'a, a Kanar ya bar aiki. An yi yunƙurin ƙara masa girma a majalisa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, bai kai ga zama doka ba. A 2004 majalisa ta ba shugaban ƙasa izinin ya ɗaga shi zuwa Manjo Janar, amma izini ne ba umarni ba, kuma ba a aiwatar da shi ba. Don haka duk inda aka ga an rubuta Manjo Janar Mitchell, an riga hukuma ne. Mafi girman abin da ya taɓa ɗaurawa a kafaɗa tauraro ɗaya ne.